Ba alewa ba ce, kuma maganin ba jabu ba ne

Iyaye mata na Gombe dan Allah ku tsaya ku karanta, wallahi abin nan ya daɗe yana damuna.

Ɗiyar yayata a Bolari, shekararta 4, ta kai wata uku kullum dare sai kuka tana sosa dubura, barci ya gagara. Kakarta ta ce basir ne, maƙwabciya ta ce zaƙi ne ya mata yawa, aka hana yarinya alewa aka yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe. Sai da uwar ta haska tocila cikin dare sannan ta ga ƴan tsutsotsi farare kamar zare, tsawonsu wajen santimita 1. Aka sayo maganin tsutsar ciki mebendazole a kemis, ƙaiƙayi ya lafa, bayan ƴan makonni ya dawo, wai ai maganin jabu ne.

Ni dai na ce ba laifin magani ba ne. Tsutsar yake kashewa, ba ya taɓa ƙwai. Macen da dare take fitowa ta zuba ƙwai a bakin dubura, yaro ya sosa, ƙwan ya maƙale a ƙarƙashin farce, gari na wayewa ya tsotsi yatsa ko ya tsoma hannu a kwano ɗaya da ƙannensa, shikenan an koma gidan jiya. Kuma ƙwan nan yana iya yin sati 2 zuwa 3 da ransa a jikin zanin gado, wando, tawul, to ina ga ɗakin da yara biyar ke kwana kan katifa ɗaya, da safe a kakkaɓe zanin a cikin ɗakin, ƙwai ya tashi da ƙura? Ga makarantar boko ga Islamiyya, ana ta haɗa hannu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a ba yaro ɗaya magani a bar sauran gidan, har manya, saboda wai su ba sa jin komai. Ana iya ɗauke da ita ba ƙaiƙayi fa. Kowa ya sha tare, a maimaita bayan sati 2, amma mai ciki da yaron da bai kai shekara 2 ba sai an tambayi likita tukuna.

Yayata sai da ta yi haka, ta yanke musu farce tas, wanka da sassafe da canjin wando, zannuwa da ruwan zafi a shanya a rana, sabulu kusa da buta, sannan yarinyar nan ta samu barci. Alewarta ma an mayar mata.