A yi wa John Trumbull adalci

Wanda ya taɓa riƙe takardar dala 2 ta Amurka, ko ya gan ta a hannun 'yan canji, ya ga aikin John Trumbull ko da bai san sunansa ba. Taron dattawan nan da ke bayan takardar daga zanensa na takardar ayyana 'yancin kan Amurka aka ɗauko shi. Fuskar Alexander Hamilton da ke kan dala 10 ma daga hannunsa ta fito. Na daɗe ina jin masu cewa zanen taron dattawan ƙarya ce aka ƙawata, wai ba a taɓa yin rana ɗaya da duk mutanen nan suka haɗu a ɗaki ɗaya haka ba. Maganarsu akwai ƙamshin gaskiya, amma a ganina sun bar jaki suna dukan taiki.

An haifi Trumbull a 1756 a garin Lebanon na Connecticut, mahaifinsa gwamna ne. Tun yana yaro ya yi hatsarin da ya raba shi da amfanin ido ɗaya. Ku tsaya nan tukuna. Mutumin da Amurkawa suke kallon kafuwar ƙasarsu ta idonsa, da ido ɗaya ya yi aikin. Ya gama Harvard a 1773 yana ɗan shekara 17, yaƙin neman 'yanci ya ɓarke ya shiga soja, har ya yi wa George Washington, kwamandan sojojin Amurka, hidima na ɗan lokaci. A 1777 ya ajiye aikin saboda gardama kan kwanan watan da aka sa a takardar muƙaminsa. Mutum ne mai zafin zuciya, bai rabu da halin ba har tsufa.

A 1780 ya tafi Landan koyon zane wurin Benjamin West, alhali yaƙi bai ƙare ba. Da Amurkawa suka rataye Manjo John André na sojan Ingila bisa laifin leƙen asiri, sai Ingila ta huce a kansa, aka kulle shi wajen wata bakwai. Duk da haka, da ya zo zana yaƙin Bunker Hill a 1786, ya sa hafsan Ingila, John Small, yana tare sojansa kada ya soke Janar Warren na Amurka da ke kwance yana gargarar mutuwa. Wanda aka ɗaure jiya, yau yana nuna mutuncin waɗanda suka ɗaure shi. Wannan kaɗai ya isa in girmama shi.

To mu koma kan zanen da ake ta cece-kuce a kai. Da farko, ba sa hannu ake yi a cikinsa ba, kamar yadda jama'a suke zato. Ranar 28 ga Yuni 1776 ce, lokacin da kwamitin mutum biyar, Jefferson da Adams da Franklin da Sherman da Livingston, suka miƙa daftarin takardar 'yanci ga majalisa. A gidan Jefferson a Faris aka fara tsara zanen a 1786, Jefferson da kansa ya zayyana masa fasalin ɗakin daga abin da ya tuna. Daga nan Trumbull ya kama hanya. Babu kyamara a duniya a lokacin, fuskar da ba a zana ba ta tafi ke nan. Ya bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, wani a Landan, wani a Faris, sauran a garuruwan gaɓar Amurka, ya zaunar da su ya zana. Fuska 36 ya ɗauka ido da ido. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ya nemi tsofaffin hotunansu ya kwafa. Cikin mutum 56 da suka sa hannu, 42 ne kawai suka shiga zanen, domin inda bai sami kamanni ba, bai yarda ya ƙirƙiro fuska ya liƙa mata suna ba.

Yanzu don Allah, wannan ne maƙaryaci? Ya haɗa mutanen da ba su zauna tare a rana ɗaya ba, haka ne. A zanen murabus ɗin Washington daga shugabancin soja ma ya sa matarsa Martha a bene tana kallo, alhali ba ta je wurin ba. Amma kusan kowace fuska ta mai ita ce, kuma da bai yi wannan wahala ba, da yawansu yau suna ne kawai a takarda.

Inda nake da ƙorafi a kansa daban ne, kuma ya fi nauyi. Dubi hoton Washington da ya yi a 1780: janar a tsaye cikin haske, a bayansa can gefe ga William Lee, bawansa, da rawani a kai yana riƙe da doki. Dubi kusurwar dama ta zanen Bunker Hill: baƙin mutum da bindiga, rabinsa a ɓoye bayan wani hafsa farar fata. Mutumin da ya yi shekaru yana farautar fuskokin manya don kada su ɓace, bai yi wa waɗannan irin wannan hidima ba. Da yawa daga dattawan da ke cikin ɗakin 'yancin nan suna da bayi a gida, shi kansa Jefferson ɗaruruwa ya mallaka a rayuwarsa. Wannan ita ce tuhumar da ta dace a yi wa Trumbull da zamaninsa, ba lissafin wanda ya zauna a wace kujera ba.

A 1817 majalisa ta ba shi aikin manyan zane huɗu na zauren Capitol, ginin majalisar Amurka, a kan dala 32,000, kowanne ƙafa 12 da 18, aka kafe su a 1826. Biyu na miƙa wuyan janarorin Ingila ne, na Burgoyne da na Cornwallis, ɗaya na takardar 'yanci. Na huɗun ya fi kwanta mini a rai: Washington a Annapolis ranar 23 ga Disamba 1783, ya ci yaƙi, sojoji na bayansa, ya zo ya mayar wa farar hula da takardar ikonsa ya koma gona. Tsohon soja ne ya ga cewa wannan rana ta cancanci bango guda daidai da ranar nasara.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Ya shugabanci makarantar zane a New York da taurin kai har matasa, da Samuel Morse a gabansu, suka ɓalle suka kafa tasu. Kasuwa ta mutu, kuɗi suka ƙare. A 1831 ya miƙa zane-zanensa ga jami'ar Yale a kan za a riƙa ba shi dala 1,000 duk shekara, aka buɗe gidan ajiye su a 1832 bisa tsarin da shi ya zana. Ya rasu a 1843 yana da shekara 87, aka binne shi da matarsa a ƙarƙashin ginin kamar yadda ya nema.