A Tashkent, Turanci na sa hannu a takarda, amma ba shi ke ƙulla ciniki ba

Tun da Shavkat Mirziyoyev ya hau mulkin Uzbekistan a 2016, ya kuma sakar wa kuɗin ƙasar, som, mara a kasuwar canji a 2017, masu zuba jari suka fara tururuwa zuwa Tashkent, babban birnin ƙasar. Tare da su aka shigo da wata magana: wai nan gaba kaɗan Turanci zai mamaye kasuwancin ƙasar, harshen Uzbek kuwa a bar wa masu kayan miya. Ni dai ban gamsu ba.

Ba a raina ƙarfin Turanci. Tun 2012 Islam Karimov, shugaban ƙasar na wancan lokaci, ya ba da umarnin a soma koyar da harsunan waje, musamman Turanci, daga aji ɗaya na firamare. Kamfanin da ke neman rancen bankin ƙetare, ko matashin da ke rubuta manhaja don Turawa, dole ya bi ta nan. Sai dai masu hasashen mamayar Turanci kan manta cewa kishiyar Turanci a can Rashanci ne. Rasha da Sin ne manyan abokan cinikin ƙasar, kuma ɗan kasuwar Tashkent da takwaransa na Kazakhstan sau da yawa da Rashanci suke daidaitawa.

Uzbek kuwa aikinsa daban ne. Shi ne harshen hukuma tun 1989, amma ba doka ce ta ba shi ƙarfi a kasuwa ba. A cikinsa ana ce wa babba "siz", a ce wa yaro ko aboki na kusa "sen", kamar yadda muke ce wa dattijo "ku". Wanda ya girme ka sai ka haɗa sunansa da "aka", wato yaya. Turanci kalma guda yake da ita ga kowa, shugaba da ɗan aike. A kasuwar Chorsu ta Tashkent, ko wurin mai masaƙar auduga a kwarin Fergana, kafin a taɓo farashi sai an tambayi iyali, an sha shayi, an san waye kai. Baƙon da ya zo da tafinta zai samu kaya, amma bashi na amana da ragin da ake yi wa na gida sai dai ya ji labari.

Inda Uzbek ke ɗingishi shi ne a rubutu. An koma haruffan Latin tun 1993, amma har yau na Sirilik, irin waɗanda ake rubuta Rashanci da su, ba su gushe ba. Dattijon da ya yi karatu zamanin Tarayyar Sobiyet ya fi sakewa da tsohon rubutu, ɗansa da sabo, ga shi su biyun ne za su duba yarjejeniya guda a shago guda.