Kotu Tana Ƙirga Kamu, Ba Ta Duba Yaron

A Amurka sai mutum ya cika shekara 21 kafin doka ta yarda ya sayi giya. Abin ya samo asali ne a 1984, lokacin da Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ta ce duk jihar da ta ƙi ɗaga shekarun za a zabtare mata kashi 10 cikin ɗari na kuɗin manyan hanyoyi. Kafin ƙarshen 1988 kowace jiha ta bi sahu. Na san wani zai ce mu ai giya haramun ce ko mutum ya kai ɗari. Gaskiya ne. Amma muna da 'ya'ya da ƙanne a jami'o'in can, kuma alƙalin Houston ba da wannan ma'aunin yake aiki ba.

Ku duba jihar Texas. In aka kama wanda bai kai 21 ba da giya, kamu na farko, tarar da ba ta wuce dala 500 ba, aikin gayya na awa 8 zuwa 12, zaman aji a kan illar giya, sannan a riƙe lasisin tuƙi kwana 30. Na biyu, aikin ya koma awa 20 zuwa 40, lasisi kwana 60. Na uku fa, in yaron ya kai shekara 17, tara tana iya kaiwa dala 2,000, ana iya ɗaure shi har kwana 180, lasisi ma kwana 180. A takarda tsaf abin yake. Matsalata da shi ita ce babu inda aka tsaya aka tambayi yaron: kai me ke damunka?

A 2001 an kama Jenna Bush, 'yar shugaban ƙasa na lokacin George W. Bush, sau biyu cikin 'yan makonni a birnin Austin na Texas. Tana da shekara 19. Na farko an same ta da giya, na biyu ta yi ƙoƙarin saye da katin shaidar wata. Abin dariyar, mahaifinta ne ya sa hannu a wannan doka mai tsauri a 1997 yana gwamnan jihar. Ta biya tara, ta yi aikin gayya, an riƙe lasisinta wata guda. Ta gama karatu, ta yi aure, yau tana gabatar da shiri a talabijin. Ƙuruciya ce, ta wuce.

Shi kuwa Ethan Couch, a farkon 2013 aka same shi da giya, aka tura shi ajin nan, aka ba shi aikin awa 12. A ma'aunin kotu laifinsa bai kai na Jenna ba. A watan Yuni na shekarar, yana ɗan shekara 16, ya tuƙa mota a buge kusa da garin Burleson na Texas ya kashe mutum huɗu. Giyar da aka auna a jininsa ta ninka abin da doka ta ƙayyade wa babba sau uku. Yaron da aka sakar wa mota tun yana shekara 13, gida babu mai ce masa bari. Da wani ya zauna da shi da iyayensa na awa ɗaya a kamun farko, ai da ya ga hayaƙi. Amma takarda ta ce awa 12, aka cike takarda.

Shi ya sa nake ganin ƙofar da ya kamata kotu ta tsare ita ce kamu na biyu, ba na uku ba. Wanda aka ci tara, aka karɓe wa lasisi, ya sake komawa, ɗayan biyu ne: ko dai rashin sa'a a wajen shagalin ɗalibai, ko kuma ya fara shaye-shaye na gaske. Alƙali ba zai gane wanne ne ba cikin minti biyar ɗin da yake ba kowace ƙara. Aikin masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa ne. A tilasta gwajin, a kira iyaye su zo da ƙafarsu, in da buƙatar magani a sa shi cikin hukuncin, kuma yaro ya riƙa dawowa gaban alƙali ɗaya ana bibiyarsa. Kotunan masu shaye-shaye da aka fara a Miami a 1989 haka suke yi.

Sannan wa ya ba shi? Bai wa yaro giya a Texas laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari shekara guda da tarar dala 4,000. In yaro ya dawo kotu sau biyu ba a nemi mai shagon ko babban da ya saya masa ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Yaron da aka samu da laifin giya sau ɗaya tak yana iya neman a goge masa shi daga kundi in ya cika 21. Wanda aka samu sau biyu, wannan hanyar ta rufe. Don haka ɗan mai kuɗi yake zuwa da lauya tun a karon farko, a nema masa jinkirin hukunci, ya cika sharuɗɗa a kori ƙarar. Ɗan talaka kuwa sai ya amsa laifi don a sallame shi da wuri, bai san ya ɗaura wa kansa abin da zai bi shi wajen neman aiki ba. Duk mai ɗa a can, musamman mai bizar karatu, kada ya bari ya amsa komai kafin ya ga lauya.

Ɗauri a karo na uku kuwa ban ga abin da yake gyarawa ba. Couch da ya kashe mutum huɗu ba a ɗaure shi da fari ba, talala ta shekara 10 aka yi masa, bayan lauyoyinsa sun ce gata ne ya lalata shi. Sai da ya karya sharaɗi ya tsere Meziko aka kamo shi, aka ɗaure shi kwana 720 a 2016, wato kwana 180 kan kowane rai. Daidai da abin da doka ta tanadar wa ɗan shekara 19 da aka gani da gwangwanin giya a hannu karo na uku.