Yadda Tsakiyar Filinmu Ta Zama Hanyar Wucewa a Zamanin Amorim

Wallahi abin da Manchester United ta yi mana a zamanin koci Amorim ya isa haka. Kowane ƙarshen mako mutum ya bar sana'arsa, ya biya kuɗin gidan kallo a Mabera, ya zauna kan benci cikin zafin Sakkwato da hayaƙin janareta, sannan ya tashi da ciwon kai. Kuma ciwon guda ne, tun da Ruben Amorim ya zo daga Sporting a watan Nuwamban 2024 da tsarinsa na 3-4-3.

Ku dubi tsakiyar fili don Allah. A lokacin mutum biyu kacal yake ajiyewa a wurin, alhali yawancin ƙungiyoyin Firimiya da uku suke zuwa. Cikin biyun nan ɗaya Casemiro ne, wanda shekaru sun fara cin ƙafarsa, ɗayan kuma Bruno Fernandes, wanda duk duniya ta san lamba goma ne, aikinsa ba da ƙwallo a ci, ba tare hanya ba. Da Bruno ya hau gaba sai a bar Casemiro shi kaɗai da fili faɗi guda. Ƙwallo ɗaya za a zura ta bayansu, shi ke nan, sai ka ga 'yan baya uku suna ja da baya suna kallon juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fito. Ranar da muka yi 1-1 da Fulham a 2025, namu na gida Alex Iwobi, ɗan wasan Fulham, ya fito bayan wasa ya faɗa ƙarara cewa bayan 'yan tsakiyar nan biyu suka shirya bi. Abokin karawa ya karanto shi har yana faɗa wa 'yan jarida, Amorim kuma ya ce ba zai sauya ba! Ga Kobbie Mainoo, yaron da ya ci mana ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin FA a 2024, yana ɗumama benci a lokacin.

Gefe ma haka. Amad Diallo da ya kamata ya riƙa yanka 'yan baya, an mai da shi mai gadin layi, gudu sama gudu ƙasa har ƙarfinsa ya ƙare. Tela ne ya yanka yadi tun bai auna mai riga ba, yanzu yana neman mutum ya rage kafaɗa.

Me tsarin ya haifar? Na 15 muka ƙare a kakar 2024/25 da maki 42, an doke mu sau 18. Tottenham da ta ƙare ta 17 ta ci mu 1-0 a Bilbao ta ɗauke kofin Europa. Aka ce 'yan gaba ne babu, aka kashe kusan fam miliyan 200 kan Cunha da Mbeumo da Sesko, ba a sayo ɗan tsakiya ko ɗaya ba. Sai ga Grimsby, ƙungiyar mataki na huɗu, ta fitar da mu a kofin Carabao da fenariti 12-11. Washegari ko wurin mai shayi ban iya tsayawa ba saboda 'yan Arsenal.

Abin da ya kamata Malam Amorim ya yi a lokacin shi ne ya mai da 'yan baya huɗu, ya sa mutum uku a tsakiya, ya saki Bruno ya koma bayan Sesko inda ya saba. In kuwa tsarin koci ya fi ƙungiyar daraja a wurinsa, to dole masu kulob su nemo wanda zai duba 'yan wasan da ke hannu ya yi aiki da su.