Tarwaɗar Surukina

Duk wanda ya ce maka kallon kifi a cikin gilashi yana saukar da hawan jini, tambaye shi ko ya taɓa kiwon su a Jos cikin watan Disamba. Ni dai abokin aikina ne ya sa mini abin a rai. Mun je taro Abuja, muna zaune a ɗakin jira na wani otal, ga ƙaton akwatin gilashi cike da ruwa garai-garai, kifaye ja da shuɗi da ruwan ɗorawa sai kai da komo suke, ba mai ce wa wani kanzil. Na dawo gida da niyyata.

Maman Ummi tambaya ɗaya ta yi mini: "Abban Ummi, idan sun girma ana ci?" Na ce na ado ne. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da take yi duk ranar da na ce zan gyara famfo da kaina.

A wani shago wajen Taminus na samo akwati mai cin lita 60, da matatar ruwa, da hita, da ɗan injin busa iska. Na ɗora shi kan teburin falo na shiga juye ruwa bokiti-bokiti. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ga tsakuwa, ga nauyin gilashin kansa, an doshi kilo 80 ke nan. Teburin ya fara buɗe ƙafafu yana wani irin kuka. Sai da muka kwashe ruwan da kofi da kwanon sha, mai walda ya haɗa mini mazaunin ƙarfe, sannan aka sake sabon lale.

Da na koma zaɓen kifi, duk wanda na nuna sai in tambayi yaron shagon, "Wannan da wancan suna zama tare?" Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Suna zama lafiya, Alhaji." Na tabbata da kada zan nuna masa, haka zai ce. Na fito da leda-leda: kifin zinare biyu, gupi, moli, da wasu ƙanana masu walƙiya. A ranar na juye su duka, muka kashe talabijin muka zauna kallo.

Sai hidimar ciyarwa ta tashi. Ummi ta ba su kafin ta tafi makaranta, Sadik ya ba su idan ya taso Islamiyya, Maman Ummi ta ba su saboda wai suna kallonta da idon tausayi, ni kuma mai gida in ba su nawa na hukuma. Kifin zinare bai san ya ƙoshi ba, kullum bakinsa a buɗe. Kafin mako ya zagayo ruwan ya yi fari-fari, kifaye suka taru a sama suna haki, falo ya ɗauki ƙarni. Kowace safiya sai an yi jana'iza a bayan gida, kuma Ummi ba ta yarda a binne ko ɗaya sai an naɗe shi a tishu.

Ƙanena Nura, da ke karatun ilimin dabbobi a Jami'ar Jos, ya zo cin tuwon dare. Ya leƙa akwatin, ya sunsuna, ya ce, "Yaya, yaushe ka zuba ruwan nan?"

"Ranar da na kawo su."

"Na famfo?"

"To da na Zamzam zan zuba?"

Ya ajiye cokali ya yi mini darasi a gaban 'ya'yana. Ya ce kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, ita kuwa guba ce. A kogi ruwa yana tafiya da ita, a gilashi kuwa ba inda za ta. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da ita nitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da wannan nitiret, mai sauƙin illa, wadda ake ragewa idan ana canza kamar kwatan ruwan duk mako. Ƙwayoyin nan a cikin soson matata suke zama, kuma sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Kilorin ɗin da ke cikin ruwan famfo yana kashe su, yana ƙona kifin, shi ya sa ake ɗiga maganin kashe kilorin ko a bar ruwan ya kwana a buɗe.

"Wato yanzu me zan yi?"

"Ka kiwata ruwan tukuna, Yaya. Kifi daga baya."

Kifin zinaren nan biyu ne kaɗai suka tsira. Nura ya ce su dama ba abokan zaman sauran ba ne: asalinsu daga Sin, sun fi son ruwa mai ɗan sanyi, digiri 18 zuwa 22, alhali sauran 'yan ƙasar zafi ne, sai 24 zuwa 27. Ga ci, ga ɓata ruwa, ga girma. Muka ba wani maƙwabci mai babban kwatami a tsakar gida.

Nan na shiga watan da ya fi kowane ba ni kunya a unguwa. Akwati na nan a falo, fitila a kunne, iska na ta ɓulɓulowa, ba kifi ko ɗaya. Kullum da safe in ɗebi ɗan abincin kifi da yatsu biyu in barbaɗa wa ruwa, don ƙwayoyin su sami abin ci. Baƙo zai shigo, a gaisa, ya matsa kusa da gilashi ya ƙura ido ya daɗe, sannan ya ce, "Masha Allah, ƙanana ne sosai ko?" Gwaggo ta rantse ta ga ɗaya ya wuce ta bayan dutse. Labari ya kai wa Hajiya cewa ɗanta yana ciyar da ruwa, ta kira Maman Ummi a ɓoye ta tambaye ta ko ina samun barci da daddare, ni kuma ta ce mini in dage da azkar.

Ana saura ƙiris a gama, na dawo daga aiki na tarar da soson matata a kan igiyar shanya, fari tas, yana ƙamshin omo. Maman Ummi ta ce, "Ƙazantar ta yi yawa, ban san yadda ka iya zama da shi a falo ba." Ƙazantar da na yi makonni ina reno ke nan. Ban ce komai ba, na sayo sabon soso, lissafi ya koma farko.

Da lokaci ya yi, Nura ya rubuta mini takarda: gupi, filati, niyon tetra aƙalla 6 don su a garke suke rayuwa, sai koridoras masu kiwo a ƙasa. Ya ce a duba abu uku, zafin ruwan da suke so, girmansu, da halinsu. Ya ƙara da cewa duk abin da zai shiga bakin kifi, a wurin kifi abinci ne, ko da ɗansa ne. Ya koya mini in bar ledar tana yawo a saman ruwan minti 15 zuwa 20 kafin in sake su.

Na je da takarda a hannu, na sayi abin da aka rubuta. Ina shirin fita na hango wani kifi shi kaɗai a kwalba, ja wur, jelarsa ta bazu kamar babbar rigar ango. Beta sunansa. Na ce, "Wannan fa?" Yaro ya ce suna zama lafiya. Da ya ga na yi ciniki mai kauri, ya kamo wasu masu zane baƙi-baƙi guda uku, taiga bab, ya ce gyara ce.

Gyaran nan ita ta hana gidan zaman lafiya. Shi beta ɗan Tailan ne, can an daɗe ana haɗa mazansu faɗa har ana caca a kai, shi ya sa ba a haɗa maza biyu wuri ɗaya. Na ɗauka shi zai zama sarkin akwati. Ashe taiga bab sana'arsu tsinken jela, kuma idan ba su da yawa, maimakon su ji da junansu, sai su koma kan maƙwabta. Na zauna na ga abin da idona: ɗaya zai zo ta gaba kamar gaisuwa, beta ya buɗe fuka-fukai ya kumbura wuya, na biyu ya zagayo ta baya ya yagi jela ya arce. Kafin jarumin ya juyo da wannan uban kaya nasa, na uku ya yagi nasa rabon. Cikin 'yan kwanaki zakaran Tailan ya koma bayan matata ya ɓuya, ido kawai yake leƙowa da shi.

Na kwashe su na mayar shago. Yaron ya riƙe baki, ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya dawo da gyara ba. Beta kuwa yana samun sarari, jela ta fara tsirowa, sai ya tuna ko shi wane ne, ya shiga korar mazan gupi saboda su ma jelarsu na da launi. Dole na saya masa nasa ɗan akwatin daban. Mutumin da ya fita neman kwanciyar hankali ya dawo yana raba gardama tsakanin kifaye.

Daga nan abubuwa suka daidaita, har gupi suka fara haihuwa. Su ba ƙwai suke sakawa ba, 'ya'ya suke haifa rayayyu kusan duk wata. Sai hunturu ya sauko. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, kuma wanda ya taɓa alwalar asuba a nan cikin Disamba ba ya bukatar bayani. Wani dare aka ɗauke wuta tun magariba. Hita ta mutu, matata ta tsaya. Wajen ƙarfe biyu na farka na haska ma'aunin zafi, na ga ya gangaro 19. Na lallaɓa na zare bargon da ke kan gado, na lulluɓe akwatin da shi. Na kunna gas, na dafa ruwa, na cika gorunan roba na sa su suna yawo a ciki, don ba a juye ruwan zafi kai tsaye. Ina tsugune ina kaɗa saman ruwa da ludayi don iska ta shiga, sai na ji murya a bayana.

"Abban Ummi, bargon aurena ne a jikin kifi?"

Na ce su baƙi ne, ba su saba da sanyin Filato ba. Ta ce ita ma daga Zariya aka kawo ta. Duk da wannan hidima sai da wasu suka fito da ɗige-ɗigen fari a jiki, cutar da ke kama su idan sanyi ya buge su, na yi ta jinya da magani. Da safe na leƙa gidan maƙwabci, ga kifin zinaren da na bayar suna ta warkajami a kwatami, ba hita ba bargo.

Ana cikin haka surukina ya zo duba jikoki. Na durƙusa na gaishe shi, aka kai shi falo. Baba ya daɗe yana kallon niyon tetra, sannan ya girgiza kai. "Yanzu waɗannan kake ta kashe wa kuɗi? Ai duka ba za su cika cokali ba." Na ce, "Haka ne, Baba." Da zai sake zuwa sai ga shi da jarka da aka yanke wa kai, a ciki ɗan tsakon tarwaɗa bai fi yatsa ba, daga gonar kifin wani amininsa. Ya ce, "Ga kifi na gaske, ka haɗa da su." Wa ya isa ya ce wa surukinsa a'a? Da hannunsa ya juye ta, ya yi mata addu'ar albarka.

Addu'ar ta karɓu. Da rana tarwaɗa tana kwance ƙarƙashin dutse, salihar baiwar Allah, gashin baki kawai ke motsi. 'Ya'yan gupi suka fara ɓacewa, na ce iyayensu ne, dama halinsu ne. Sai niyon suka koma biyar, suka koma huɗu. Na tsare Sadik da tambaya, ya yi kuka. Na zargi kyanwar maƙwabta. Wani dare na kashe fitila na zauna da tocila a hannu, na jira. Can na haska, sai ga saliha a tsakiyar ruwa, ciki ya yi tulu, jelar niyon tana leƙe a gefen bakinta. Ta dube ni, ta ƙarasa haɗiyewa.

Na kira Nura. Ya ce, "Yaya, tarwaɗa da dare take farauta, kuma irin wannan tana iya wuce mita ɗaya. Ka rufe saman ma, tana shaƙar iska kai tsaye, fita take yi." Ban gama neman murfi ba, washegari da asuba Maman Ummi ta kurma ihu. Muka fito muka tarar da tarwaɗa a kan tayil, ta baro falo tana jan ciki, ta nufi ƙofar kicin. Maman Ummi ta ce, "Ka gani ko? Duk cikinsu ita kaɗai ta san inda ya dace da ita." Har ta ɗauko attaruhu da citta, na tare ƙofa na ce kyautar Baba ce, idan ya tambaya me za mu ce?

Yanzu tana cikin rabin duro a bayan gida, an rufe da raga an danne da bulo, ta kai tsawon hannun Sadik, abincinta ya fi na sauran duka tsada. Duk ranar Juma'a Baba zai kira, kafin ya tambayi jikoki sai ya tambaye ta. Makon jiya na gaya masa ta yi girma har na ware mata wurinta ita kaɗai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ita kaɗai? A'a, kaɗaici ba shi da kyau. Ka bar ta a nan, ranar Lahadi zan kawo wasu biyu a sa a gilashin, tunda yanzu akwai wuri."

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba."