Wai ina ganuwar Kanon ne da za mu nuna wa baƙi?

Wallahi abin nan ya ishe ni, duk baƙon da ya zo Kano sai ya ce a kai shi ya ga ganuwa, ka ɗauko shi kana ta cika baki cewa Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta shekara wajen 900 da suka wuce, aka ƙara faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, kuna isa wajen sai kunya ta kama ka, nan bola ce ta kusa fin badalar tsayi, can wani ya kwashe jar ƙasar ya yi bulo, gaba kaɗan kanikawa sun baje injin, ga ledar fiya wata kamar an yi ruwanta daga sama, ga wani bawan Allah ya tsuguna yana fitsari a jikin tarihin kakanninsa ko a jikinsa! Haba jama'a, katangar da sai da Turawa suka jawo igwa a 1903 kafin su shigo ta Ƙofar Kabuga, yau shebur da baro ne za su ƙarasa ta? Baƙo ya ce "ina take?" ka nuna masa tudu, ya ce a'a ganuwar nake nufi, to me za ka ce masa? Ku hau Dala kuma ka tarar samari sun rubuce dutsen da sunayensu da na 'yan matansu har da lambar waya, don Allah malam wa zai kira ka? Barbushe, babban bokan Dala na zamanin da? Ko allo guda mai bayani baƙo bai gani ba, sai yara su kewaye ku kowa da irin nasa tarihin, wani ma ya rantse maka aljanu ne suka gina ganuwar cikin dare ɗaya!