Maƙala fiye da dubu talatin, amma wa ke karantawa? Magana kan Wikipedia ta Yarbanci

Duk mai son sanin lafiyar Wikipedia ta wani harshe, kada adadin da aka rubuta a shafin farko ya ruɗe shi. Akwai maɓallin da ke jefa mutum cikin maƙala ba zaɓi, duk wadda ta faɗo ita ce rabonsa. Ya yi ta danna shi a jere, zai ga gaskiyar abin da ke cikin gidan. A ta Yarbanci, ba za ka daɗe kana dannawa ba sai ka faɗa kan shafi mai layi ɗaya tal: lamba, sai wani suna na Turawa, sai jimla guda da ke cewa wannan ƙaramin dutse ne cikin duwatsun da ke kewaya rana a sararin samaniya. Shi ke nan. Ka sake dannawa, wani dutsen ne, jimlar ita ce dai, lamba da suna kawai suka canza. In ka yi sa'a ka tsallake duwatsun, sai ka tarar da wani ɗan siyasa na wata ƙasa mai nisa, shi ma layi ɗaya, ba tarihi, ba madogara.

Ni Bahaushe ne, amma a Sabo ta Ibadan na tashi, da Yarbanci na yi wasan ƙasa, kuma ina ɗan taɓa rubutu a Wikipedia ta Hausa. Saboda haka abin ya shafe ni ta fuska biyu, kuma ba da raini nake wannan magana ba.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayyen abu ba ne. An buɗe Wikipedia ta Yarbanci tun 2002, ta daɗe ba kowa a cikinta sai ɗaiɗaiku. Can wani edita da ake kira Demmy ya haɗa bot, wato manhajar da ke ƙirƙiro shafuka da kanta, ya samar da gajerun maƙaloli kusan dubu 15, adadin ya ninka a ɗan lokaci. A 2012 Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, ya ayyana shi gwarzon shekara saboda wannan aiki. Ban ga laifin Demmy ba. Mutum ne da ya tsaya wa harshensa lokacin da kusan ba mai taya shi, kuma a wancan zamani da yawan maƙala ake auna kowane harshe. Abin da nake ja da shi shi ne ma'aunin. Da wannan ma'auni, Wikipedia ta harshen Sebuwano na ƙasar Filifin, mai maƙala sama da miliyan 6 waɗanda bot ɗin wani ɗan Suwidin ya rubuta mafi yawansu, ta fi ta Jamusanci da ta Faransanci. Kowa ya san ba haka abin yake ba. Taron tsintsiya ne, ba shara.

To yanzu bot ya ja baya, fassarar inji ta gaje shi, kuma a ganina ta fi shi ɓarna. Shafin bot ko ba komai jimlarsa ɗaya daidai take. Ita kuwa fassarar inji tana zuwa da doguwar maƙala mai sassa da hotuna da jerin madogara, ta yi kama da aikin kirki har sai ka fara karantawa. Na taɓa miƙa wa wata malamar Yarbanci, maƙwabciyarmu a da, wayata in ji ra'ayinta kan irin wannan shafi. Ta gyara tabarau ta fara karantawa da ƙarfi, kamar yadda take wa ɗalibai. A jimla ta biyu ta tsaya, ta koma baya, ta sake gwadawa da wani karin sauti, ta ƙara tsayawa. Sai ta ce min kalmomin duk na Yarbanci ne, amma sai ta mayar da jimlar Turanci a zuciyarta kafin ta gane abin da ake nufi. Ta miƙo min wayar, ba ta kai ƙarshen sakin layin ba.

Google ya sa Yarbanci da Hausa da Ibo cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, an kuma samu ci gaba, ba na musu. Amma injin yana koyo ne daga rubutun da ke intanet, kuma a harsunan da rubutunsu bai yi yawa ba, Wikipedia na cikin manyan wuraren da ake ɗiba. In aka cika ta da gurɓatacciyar fassara, ita injin zai sake haɗiya, ya dawo mana da wadda ta fi ta lalacewa. Wanda ke ganin wasa ne ya tuna abin da ya faru da Wikipedia ta harshen Skots na Sikotland a 2020, lokacin da aka gano wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen ba shi ya rubuta dubban maƙalolinta. Shekaru yana yi, da kyakkyawar niyya ma, ba wanda ya lura, domin masu harshen ba sa leƙawa.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da na fi son a tsaya a kai. Wa ake rubuta wa? Mu faɗa wa juna gaskiya: Bayerabe mai wayar zamani da data, wanda zai zauna ya karanta maƙala a intanet, galibinsu sun iya Turanci, da yawa ma karatun Turanci ya fi musu sauƙi, domin da shi aka koyar da su tun firamare. Wayarsa da Turanci aka saita ta. In ya nemi wani abu a Google, maƙalar Turanci ce za ta fara fito masa, cikakkiya, an sabunta ta jiya. To me zai kai shi ga rabin fassararta da Yarbanci? Kishin harshe zai iya kai shi sau ɗaya. Ba zai mayar da shi ba.

Abin da zai mayar da shi shi ne ya sami abin da babu a ta Turanci, ko wanda ta Turanci ta taɓa sama-sama ta wuce. Kuma a nan Yarbawa suna da dukiyar da har kishi take ba ni. Oriki kaɗai, wato kirarin zuri'a da na garuruwa da na sarakuna, ya isa aikin shekaru, kuma abu ne da in an fassara shi ya mutu. Ga Ifa, tsarin duba na Yarbawa mai babi 256 da ake kira odu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya. Ga dajin Osun da ke Osogbo, shi ma yana jerin wuraren tarihi na duniya tun 2005. Ga bikin Ojude Oba a Ijebu-Ode, da ƙungiyoyin sa'anni da gidajen mahaya dawaki da ke fitowa bayan babbar salla, kowane gida da tarihinsa. Ga rinin adire a Abeokuta da sunayen zanensa. Ga jerin sarautun Ibadan, inda mutum ke hawa mataki-mataki ta layi biyu har ya kai Olubadan, wato sarkin garin, tsarin da ko ɗan gari sai an zaunar da shi an yi masa bayani. Ga tarihin unguwanni da kasuwanni, da mawaƙan apala da fuji da juju, da 'yan wasan kwaikwayo na tafi-da-gidanka tun zamanin Hubert Ogunde. Wanda kakarsa ta rasu bai riƙe orikin gidansu ba, in ya ji akwai shi a rubuce, da muryar wata tsohuwa tana rera shi a gefe, wallahi zai zo, zai kuma tura wa 'yan uwansa a WhatsApp, har da na Kwatano da na Landan.

Za a ce ina madogara? Wikipedia ba ta karɓar "na ji an ce". Haka ne, kuma ban goyi bayan a buɗe ƙofa kowa ya rubuta abin da ya ga dama ba. Sai dai masu wannan tambaya sukan yi kamar Yarbanci jiya aka fara rubuta shi. Samuel Ajayi Crowther ya fitar da ƙamusun Yarbanci tun 1843. Iwe Irohin, jaridar farko a Najeriya, da Yarbanci ta fara fita a Abeokuta a 1859, shekara 80 kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo. Littafin farko na D. O. Fagunwa, marubucin ƙagaggun labarai da Yarbanci, ya fito a 1938. Jaridar Alaroye tana nan, BBC ta buɗe sashen Yarbanci a 2018. Sassan nazarin Yarbanci a jami'o'in Ibadan da Ife da Legas da Ilori cike suke da kundayen bincike da ɗalibai suka shiga ƙauyuka suka tattaro, suna can ƙura na ci. Madogara akwai. Abin da ya rage shi ne wahalar zuwa a ɗauko ta, wadda ta fi wahalar danna maɓallin fassara nesa ba kusa ba.

Haka batun kalmomin kimiyya. Sau da yawa edita zai ƙirƙiro kalmarsa a tsaye, ko ya bar ta Turanci yadda take, alhali an riga an yi aikin. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara duk darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, in ban da darasin Turanci, har lissafi da kimiyya, aka rubuta littattafai dominsa, yaran kuma ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba. Masana irin su Ayo Bamgbose sun yi aiki kan ƙa'idojin rubutu da keɓaɓɓun kalmomi. Wanda zai rubuta maƙala kan jini ko wutar lantarki ya kamata ya fara leƙa can.

Sai alamomi, inda Yarbanci ya fi Hausa shan wuya. Mu haruffa masu lanƙwasa kawai muke fama da su, ba ma sa karin sauti a rubutu, mai karatu na ganewa. Su kuwa suna da karin sauti uku da ɗigon ƙasa a wasu haruffa, kuma ma'ana a kansu ta rataya: ọkọ miji ne, ọkọ́ fartanya, ọkọ̀ mota ko jirgi. Maƙalar da ba alamomi karatunta lalube ne, wadda aka sa alamomin ba daidai ba ta fi muni. Ga wata matsalar ta fasaha: harafi mai ɗigo a ƙasa da alama a sama, kwamfuta haɗa shi take yi daga gutsattsari, shi ya sa a wasu wayoyin alamar kan zame gefe. Wasu kuma ɗan tsayayyen layi suke sawa a ƙasa maimakon ɗigo. Tunda Wikipedia na ɗaukar kowane bambanci a taken maƙala a matsayin shafi daban, mutum biyu na iya rubuta maƙala biyu kan abu ɗaya ba su sani ba. Shi kuwa mai nema a waya, ba ya sa alama ko ɗaya. Maganin ba mai tsada ba ne: cikin maƙala a cika alamomi, sannan kowane take a yi masa shafin da zai tura mai nema zuwa gare shi daga rubutun da ba alama. Aiki ne mai gundura, ba a ba da kyauta a kansa, shi ya sa ba mai rububinsa. Kola Tubosun da abokansa sun nuna ana iyawa da ƙamusunsu na sunayen Yarbawa a intanet, inda suna ke zuwa da alamominsa da ma'anarsa da yadda ake furta shi.

Ban ce a daina fassara gaba ɗaya ba. Akwai inda take da amfani sosai, musamman lafiya: sikila, hawan jini, zazzaɓin Lassa, haihuwa. Akwai iyaye mata a kasuwar Bodija ta Ibadan da dattawan da suka saba karanta Baibul ko jarida da Yarbanci, waɗanda Turancin likita ya fi ƙarfinsu. Amma irin wannan maƙala ce ta fi kowace haɗari in inji ya yi ta, domin kuskure a nan ba abin dariya ba ne. Gara guda hamsin da nas ko likita mai jin harshen ya duba, aka kuma naɗi muryar wani yana karanta su, da dubu biyar da ba wanda ya bi ta kansu.

Inda nake ganin gyara zai fi saurin tasiri shi ne gasa. Yawancin sababbin editoci a ƙasar nan ta hanyar gasa da tarukan horo suke shigowa, ana ba su kuɗin data, wanda ya fi yawan maƙala ya ɗauki kyauta. Ɗalibin da ke neman na kashewa, in ka ce masa adadi ne ke ci, adadi zai kawo maka, kuma bai yi laifi ba, dokar da ka kafa ya bi. Gasa na ƙarewa ya tafi, ya bar wa mutum uku ko huɗu shara. Wannan ciwo ba na Yarbawa kaɗai ba ne. Wikipedia ta Hausa ta wuce ta Yarbanci a yawan maƙaloli a 'yan shekarun nan, mun yi ta murna, amma mai shakka ya je ya danna wancan maɓalli a tamu, ya karanta da ƙarfi a gaban mahaifiyarsa.

Da ni ke tsara gasa ta gaba, ba zan ƙirga sababbin shafuka ba sam. Zan ɗauko jerin maƙalolin da aka fi buɗewa, tunda alƙaluman a fili suke kowa na iya dubawa, in raba wa masu shiga, kowa ya gyara biyar. Alƙalan su zama malaman Yarbanci daga kwalejojin ilimi da 'yan rediyo, ba sai sun san Wikipedia ba, aikinsu kawai su karanta da ƙarfi. Rabin kyautar a riƙe sai bayan wata shida, a ba wanda har lokacin yana dawowa yana gyara. Jihar Legas ma, da ta yi dokar kare Yarbanci a 2018, majalisarta kuma take zama da Yarbanci ranar Alhamis, tana da malamai da ɗaliban da za a iya ba wannan aiki a matsayin aikin aji, kowace makaranta ta ɗauki tarihin unguwar da take ciki.